WAI NA CI KAYAN ALLAH? TSOKACI A KAN MA'ANAR KEƁEWA A LITTAFI MAI TSARKI

Kafin in shiga gundarin magana, ya kamata mai karatu ya san wanda ke yi masa bayani, domin kada a ɗauke ni malamin tauhidi. Ni ɗalibi ne a wannan sashe namu, ɗan ƙabilar Ngas daga Jihar Filato. Hausar da nake rubutu da ita a kasuwa da majami'a na tsince ta, kuma har gobe idan na yi sauri nakan ce "mota ya zo", 'yan ajinmu shaida ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne ya shafe ni kai tsaye, kuma na lura ba ni kaɗai ya shafa ba.

An haifi yara biyu kafin ni, duka suka koma tun ba a yaye su ba. Da mahaifiyata ta sami cikina sai ta durƙusa ta yi wa Allah wa'adi cewa in ya raya wannan, to nasa ne. Da wannan labari na tashi. Matan zumunta ba su kirana da sunana, sai dai "ƙaramin fasto". Saboda haka da na gama sakandare kowa ya sa ido ya ga na nufi makarantar tauhidi, sai ga shi na sami gurbin karatu a nan Kudu, kuma wai Hausa zan karanta. Ana saura kwana biyu in taho, wani dattijon ikilisiyarmu, mutumin kirki wanda ya riƙe ni tamkar jikansa, ya tsayar da ni bayan an tashi sujada.

"Ɗana, ka san labarin Akan?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "To kai kayan Allah ne. Ga shi ka ɗauke kanka za ka je ka binne a tantinka."

Shekara uku ke nan wannan magana tana cina a rai. Duk lokacin da na faɗi wani gwaji ko zazzaɓi ya kwantar da ni, sai in ce ko alhakin ne ya fara bibiyata. Daga baya na ga zaman zullumi ba zai fisshe ni ba, sai na yi abin da malamanmu suke koya mana, wato idan kalma ta rikita ka, ka bi ta har gidansu.

Kalmar da muka fi ji a majami'a ita ce tsarki. Littafi Mai Tsarki, Ruhu Mai Tsarki, tsarkaka, tsarkakewa. Amma idan Bahaushe ya ji an ce tsarki, abin da zai fara zuwa masa shi ne ruwa da buta, wato kawar da ƙazanta. Shi kuwa Ibrananci, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi, kalmomi biyu gare shi a inda mu muke da ɗaya. Akwai tahor, wato abin da ba shi da ƙazanta. Akwai kuma ƙadosh, wato abin da ya zama na Allah. Wani abokina Musulmi da muke zama kujera ɗaya a aji ne ya ankarar da ni cewa ai duka biyun suna da dangi a cikin Hausa ta hanyar Larabci, tunda Larabci da Ibrananci 'yan gida ɗaya ne. Ɗan'uwan tahor shi ne ɗahara, ɗan'uwan ƙadosh kuwa shi ne Ƙudus da Baitul Muƙaddas. A Littafin Firistoci sura 10 an ɗora wa firistoci aikin rarrabewa iri biyu: tsakanin mai ƙazanta da marar ƙazanta, da kuma tsakanin abin da yake na Allah da abin da yake na kowa da kowa. Ke nan kishiyar ƙadosh ba datti ba ne, gama-gari ne.

Misalin da ya fi zaunar mini da wannan shi ne kwanon maigida. A gidanmu akwai wani kwanon sha mai murfi wanda ba ya fin sauran kwanuka kyau, hasali ma gefensa ya ɗan lotsa, kuma da ruwa ɗaya ake wanke su duka. Amma ko ƙishirwa za ta kashe ka ba ka isa ka kai shi baki ba, domin an san mai shi. Haka abin yake a cikin Nassi. An kira rana ta bakwai mai tsarki, alhali rana ba ta wanka. An kira mai, da tufafi, da tasoshi, da dutse da wannan suna. Ba abin da ya canza a jikinsu, mai su ne ya canza. Shi ya sa a ganina kalmar keɓewa, wadda ita ma masu fassara suka yi amfani da ita, ta fi kusa da abin da ake nufi. Wani abin sha'awa kuma, malaman Yahudawa na baya sun kira ɗaurin alkawarin aure ƙiddushin, daga wannan saiwa ɗin dai, domin yarinya ta zama ta mutum ɗaya. Mu kuma a majami'unmu na Arewa abin da ake sakawa a faranti ranar Lahadi sunansa baiko, kalmar da Bahaushe ke faɗa idan an ba da yarinya ga manemi. Ashe kullum muna furta ma'anar da bakinmu ba mu lura ba.

To, sai batun Akan, wanda shi ne ƙashin da ya tsaya mini a wuya. A Littafin Joshuwa sura 6 da 7, an hana Isra'ilawa taɓa komai na birnin Yariko. Akan ya ga wata kyakkyawar alkyabba ta ƙasar Babila, da azurfa shekel 200, da sandar zinariya mai nauyin shekel 50, ya kwashe ya binne a tantinsa. Sakamakon haka aka fatattaki Isra'ilawa a ɗan ƙaramin garin Ai, mutum wajen 36 suka mutu, shi kuma aka jejjefe shi. Kalmar da aka yi amfani da ita a nan ba ƙadosh ba ce, wata ce daban, herem, 'yar'uwar haram da harami. Herem shi ne abin da aka sallama wa Allah sallamawar da babu komowa: ba a sayarwa, ba a fansa, galibi ma hallaka shi ake yi. Ba zan ɓoye ba, wannan babi ne mai tayar da hankali, domin har da rayukan mutane ya haɗa, kuma masana Kirista sun daɗe suna kai-komo a kansa. Amma abin da ya shafe ni a nan shi ne, Littafin Firistoci sura 27 ya ce mutumin da ya faɗa ƙarƙashin herem kisa ne hukuncinsa. Da ni herem ne kamar yadda Baba ya kwatanta, ai ba makarantar tauhidi za a kai ni ba.

Wannan sura ta 27 ɗin kuwa ita ce ta yi maganar irin halin da nake ciki, wato mutumin da aka yi wa'adi a kansa. Abin mamaki, ba ta ce a kwashe shi a kai shi alfarwa ta sujada ya zauna ba. Kuɗin fansa ta yanka: shekel 50 ga namiji ɗan shekara 20 zuwa 60, shekel 5 ga yaro ɗan wata ɗaya zuwa shekara 5, haka dai bi da bi. Wanda kuma talauci ya hana shi biya, firist zai duba ƙarfinsa ya yanka masa daidai da shi. Dalili a fili yake: aikin firist gado ne na zuriyar Haruna, ba a shigarsa da wa'adin uwa. Bugu da ƙari, kowane ɗan fari na Isra'ila an ce na Allah ne, amma fansarsa ake yi da shekel 5 ya ci gaba da noma da kiwo a gidan ubansa. A Fitowa sura 19 ma al'ummar gaba ɗaya aka kira keɓaɓɓiya, da masu jima da masu tuya da masu kiwon jakuna.

Haka nan idan aka duba Littafin Ƙidaya sura 6, inda aka yi bayanin wanda fassarar Hausa ke kira keɓaɓɓe, za a ga ba ma'aikacin haikali ba ne. Kowa na iya ɗaukar wannan wa'adi, mace ko namiji, na wani ƙayyadadden lokaci. Ba zai sha ruwan inabi ba, ba zai ci ko busasshen 'ya'yansa ba, aska ba za ta hau kansa ba, ba zai kusanci gawa ba ko da ta mahaifinsa ce. Idan kwanakin suka cika ya kawo hadaya, a aske sumar a ƙone. Ba inda aka ce ya bar sana'arsa ko garinsu.

Na san abin da wani zai ce, domin ni ma na faɗa wa kaina: ina ka bar Hannatu? Gaskiya ne, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ke hannun Baba, kuma ba zan yi mata kwana ba. Hannatu ta roƙi ɗa, ta yi wa'adi, da ta yaye Sama'ila ta ɗauke shi da hannunta ta kai shi Shilo wurin Eli firist ta baro shi can. Ba ta nemi fansa ba. Kowace shekara sai ta ɗinka 'yar riga ta kai masa. Duk wanda ya san zafin rabuwa da ɗa ba zai raina wannan ba, kuma Littafin Mai Hadishi sura 5 ya yi kashedi mai zafi ga mai yin wa'adi ya ƙi cikawa. Wa'adi ba wasa ba ne.

Sai dai mu ƙarasa labarin. A wannan ɗakin sujada na Shilo akwai waɗansu samari biyu, 'ya'yan Eli, waɗanda suka gaji aikin firist, suna sanye da tufafinsa, suna kwana suna tashi a gaban bagade. Su ne masu aika bara da cokali mai yatsu uku ya caka cikin tukunyar masu hadaya ya kwaso musu nama, wanda ya yi gardama a ƙwace da ƙarfi. In zama a ɗakin Allah ne keɓewa, ai babu wanda ya kai su. Shi kuwa Sama'ila da ya girma ba a Shilo ya ƙare ba. Alƙali ya zama, yana zagaya Betel da Gilgal da Mizfa kowace shekara yana yanke wa mutane shari'a, sa'an nan ya koma gidansa a Rama, garin iyayensa. Ranar da ya tsufa yana sallama da jama'a, a sura 12, bai ƙirga musu yawan azuminsa ba. Cewa ya yi duk wanda ya taɓa karɓe wa sa ko jaki, ko ya zalunta, ko ya karɓi toshiya a hannunsa, ya fito ya faɗa. Ba a sami ko mutum ɗaya ba. A nawa ra'ayin, a nan ne wa'adin Hannatu ya cika, ba ranar da ta ajiye shi a Shilo kaɗai ba.

Akwai wani abu kuma a bikin keɓe Haruna da 'ya'yansa, a Fitowa sura 29, da ya daɗe yana burge ni. Bayan an yi musu wanka an sa musu tufafi, sai a yanka rago a shafa jininsa a leɓatun kunnensu na dama, da babban yatsan hannun dama, da babban yatsan ƙafar dama. Kunne, hannu, ƙafa. Sa'an nan a ɗora musu nama da gurasa a tafin hannu. Salon maganar da Ibrananci ke amfani da shi wajen naɗa firist ma, in an fassara shi kalma da kalma, shi ne "cika hannu". Wanda aka keɓe ba hannu rabbana yake zaune ba, aiki aka danƙa masa. A sura 31 kuma an ce Ruhun Allah ya cika wani mutum mai suna Bezalel, kuma abin da Ruhun ya ba shi shi ne gwanintar ƙira da sassaƙa da aikin duwatsu.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna a harabar jami'o'inmu, wanda ya sa na ga maganar ta wuce tawa ni kaɗai. Muna shekara ta biyu, wani abokina ya je taron addu'ar dare a cikin gari, aka yi wa'azi mai zafi a kan miƙa kai, aka ce wanda ya keɓe kansa da gaske ya shuka iri da abin da ya fi ƙauna. Ya tashi ya zuba kuɗin makarantarsa gaba ɗaya. Kuɗin nan kwasar adashi ce ta mahaifiyarsa, gwauruwa mai tuyar ƙosai. Zangon karatu ya wuce shi, uwar ta shiga bashi, shi kuma yana ce mana an jarraba bangaskiyarsa ne. Na san waɗansu da ba su zuwa lacca saboda taron zumunta, da waɗanda suka daina gaisawa da 'yan ɗakinsu wai kada a ɓata musu tsarki.

Yesu ya san irin wannan, kuma ya ambace ta da sunanta. A Markus sura 7 ya tsawata wa malaman da suka koya wa mutane cewa idan ɗa ya ce dukiyarsa ƙorban ce, wato baiko ga Allah, to ya kuɓuta daga taimakon uwa da uba. Ya ce da wannan dabara sun soke umarnin girmama iyaye. Saiwar kalmar ƙorban kusanta take nufi, ita ce ta ba mu muƙarrabai a Hausa, wato na kusa da sarki. Dubi yadda aka ɗauki kalmar kusantar Allah aka mai da ita katangar nesanta iyaye. Ko Hananiya da Safiratu na Ayyukan Manzanni sura 5, ba don sun rage kuɗin gona aka hukunta su ba, domin Bitrus ya faɗa musu ƙarara cewa gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne. Ƙaryar nuna sun ba da duka ita ce ta kashe su. A addu'arsa ta Yahaya sura 17 kuma, Yesu ya roƙa a keɓe almajiransa, amma a wuri guda ya ce ba yana roƙo a ɗauke su daga duniya ba ne, aikensu yake yi cikinta. Bulus da aka keɓe domin bishara a Antakiya, da ya isa Koranti ɗinkin tanti ya kama yana ci da kansa. Mutanen Korantin nan kuwa, masu tsattsaguwa da kai juna ƙara gaban alƙali, su ya buɗe wasiƙarsa yana kira tsarkaka. In da wanki ake nufi, ai ba su cancanta ba.

Kada kuma a ɗauka ina rage darajar masu aikin bishara. Na san masu bishara a ƙauyukanmu da suka shekara talatin a ɗakin jinka, albashinsu bai kai kuɗin abincin ɗalibi ba, kuma ban kai in kwance musu takalmi ba. Cewa nake yi kira ɗaya ne daga cikin kiraye-kiraye. Littafin da Baba yake riƙewa a hannunsa ma, wanda ya ciro mini labarin Akan daga ciki, ai masu nazarin harshe ne suka kawo masa shi. Tun a 1857 J. F. Schön ya buga Bisharar Matiyu da Hausa, kuma cikin waɗanda ya ƙaru da Hausarsu har da saurayin nan Dorugu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, jagoran aikin kuwa Walter Miller ne na Zariya, wanda asalinsa likita ne. Da ba a sami masu zama su auna tsarki da keɓewa a kan sikeli ba, da me za a yi wa'azi a garinmu?

Amma fa in faɗi gaskiya, wannan hujja tawa tana da haɗari, kuma a kaina haɗarin ya fara. Abu ne mai sauƙi mutum ya ce ai kowane aiki na Allah ne, daga nan ya shiga sharholiyarsa. A Romawa sura 12 Bulus ya roƙi masu bi su miƙa jikinsu hadaya, amma hadayar da ba a yankawa, wadda za ta ci gaba da yawo da ƙafafunta. Wannan ya fi wa'adin keɓaɓɓe nauyi, domin shi yana da ranar aski, wannan kuwa babu. In ni nasa ne, to hannun da nake riƙe biro da shi a ɗakin jarrabawa nasa ne. A shekarar farko na kwafe aikin gida na wani ɗan ajinmu a darasin tsarin sauti, na sa sunana na miƙa, na sami maki mai kyau. Ban taɓa jin na ci kayan Allah a ranar ba, alhali kullum ina fargabar na ci su saboda ban zama fasto ba. In akwai abin da na binne a tanti, to wannan ne.

Da na je hutun Kirsimetin da ya wuce, na sami mahaifiyata a tsakar gida tana tsince acca, na zauna kusa da ita.

Na ce, "Mama, wai me kika faɗa wa Allah daidai a kaina?"

Ta ce, "Na ce in ya bar mini kai, kai nasa ne."

"Kin ce fasto?"

Ta yi dariya har ta ajiye faifan. "A lokacin wa yake ta fasto? Numfashinka nake nema." Ta ɗan yi shiru, sa'an nan ta ƙara da cewa ita dai ta so ta gan ni a kan mumbari kafin ta mutu, ba za ta yi mini ƙarya ba.

Ranar Lahadi aka yi baƙon mai wa'azi daga Kudu wanda ba ya jin Hausa, wanda ya saba yin tafinta kuma ya yi tafiya. Baba ne da kansa ya waiwayo ya yafuto ni da hannu. Na hau na tsaya gefen baƙon kusan minti arba'in, gumi na keto mini, mahaifiyata tana layin matan zumunta ta kafe ni da ido. Da aka tashi Baba ya kama hannuna ya ja ni gefe.

"Ɗana, sau biyu ka ce ikilisiya ya taru. Ikilisiya mace ce. Me suke koya muku a can ɗin?"

Na ce, "Za a gyara, Baba."

Ya ce baƙon zai dawo da Ista, in tabbata na zo. Bai ta da maganar Akan ba, ni ma ban tayar ba.